Makullin Aro: Nasiha ga Matasa Masu Kula da Kwamfutocin Gajimare



A 'yan shekarun nan matasanmu da dama sun koyi kula da kwamfutocin gajimare. Wasu a jami'a suka koya, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin Najeriya ta ƙaddamar a 2023, wasu kuma da kansu, da tsohuwar kwamfuta da 'yar datar da suka saya da kuɗin aljihunsu. Yau ga su a bankuna da kamfanonin sadarwa da na tura kuɗi ta waya, wasu ma suna zaune a Kano ko Kaduna ko Maraɗi suna yi wa kamfanin wata ƙasa aiki. Abin alfahari ne. Sai dai akwai ƙorafi guda da ba ya barin bakinsu a watannin farko: "An gwada ni na ci, an ɗauke ni aiki, amma duk lokacin da zan shiga na'ura sai na cike fom, sai na jira oga ya amince, bayan awa biyu kuma a rufe ni a waje. Wannan ai rashin yarda ne." A kan wannan ƙorafi nake so mu zauna mu yi magana, domin yadda mutum ya karɓi wannan ƙa'ida tun yana sabon shiga, shi yake nuna irin ma'aikacin da zai zama.

Abin da makullin yake buɗewa

Mu fara sanin abin da ake gadi. Kamfanoni irin su Amazon da Microsoft da Google suna da manyan gine-gine maƙare da kwamfutoci, suna ba da hayar ƙarfinsu ta intanet, abin da ake kira gajimare ke nan. Manhaja takan yanka babbar na'ura guda kashi-kashi, kowane kashi ya tashi a matsayin kwamfuta mai zaman kanta, da ma'ajiyarta da adireshinta. Amazon ta fara ba da irin wannan haya a 2006. Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon ta biyo baya a 2020, Google kuma a 2024. Kwamfutar da kake kula da ita daga Zariya tana iya zama a can, ko a Turai, ko a Amurka, kuma har ka bar aikin ba za ka taɓa sa ta a ido ba. Babu mai gadin da zai dubi fuskarka ya ce bai san ka ba. Duk wanda ya zo da makulli, to shi na'urar za ta yi wa biyayya. Masu ba da hayar suna tsare gini da wutar lantarki da ƙarafa, amma wanda zai shiga da abin da zai taɓa, wannan yana wuyan mai haya, wato ku.

A cikin waɗannan na'urori kuwa akwai albashin ma'aikata, da lambobin BVN da NIN, da sakamakon gwajin asibiti, da 'yan kuɗin da mai sayar da ƙosai ta tara a asusun wayarta. Waɗannan bayin Allah ba su san sunanka ba, ba su zaɓe ka ba, kuma ba su da hanyar sanin abin da ka yi da sirrinsu. Don su aka kafa ƙa'idar, tun kafin a zo kan kamfani da kuɗinsa.

Hanyar shiga kuma sananniya ce ga kowa. Na'urorin Linux galibi ta ƙofa mai lamba 22 ake shigarsu, na Windows ta mai lamba 3389. Manhajojin ɓarayi suna zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi biyu. Duk wanda ya taɓa barin ta 22 a buɗe ga kowa, ya leƙa rajistar na'urar washegari, ya san abin da nake faɗa: layi bayan layi na yunƙurin shiga daga adireshin da bai taɓa gani ba, ana gwada sunan root, ana gwada admin, ana jefa kalmomin sirri iri-iri ko za a dace.

Maganin da masana tsaro suka tsaya a kai shi ne kada kowa ya riƙe makulli na dindindin. Sunanka yana cikin jerin waɗanda suka cancanta, amma a zaune haka nan ba ka da ikon taɓa komai. Idan aiki ya taso sai ka nema: wace na'ura ce, me za ka yi a ciki, wane irin iko kake bukata, na tsawon wane lokaci, ga kuma lambar tikitin aikin. Ka tabbatar kai ne da lambar da ke fitowa a wayarka. Saƙo ya tafi wurin manajanka ko wanda na'urar take ƙarƙashinsa, ya karanta, ya amince ko ya ƙi. In ya amince, ƙofa ta buɗe maka kai kaɗai, agogo ya fara tafiya. Da lokaci ya cika, ikon ya janye da kansa, ba sai wani ya tuna ba. Kowane mataki kuma a rubuce yake.

Masu aiki da Azure na Microsoft su lura da wani abu da ake yawan cakuɗawa. Tsarin Defender for Cloud yana rufe ƙofofin na'ura, ya buɗe wa adireshin mai nema kawai, na awa uku in ba a canja ba. Amma shi ba ya tambayar wani mutum. Yana duba ko kana da izinin nema ne, in kana da shi ya buɗe. Sa hannun manaja yana cikin wani tsarin daban, Privileged Identity Management na Entra, inda ake ɗaga matsayin mutum na lokacin da bai wuce awa 24 ba, kuma ba a barin kowa ya amince da buƙatar kansa. Wanda yake son ƙofa ta jira oga sai ya haɗa su biyun. A wurin Amazon, makullin wucin gadi na ɗaga matsayi yana iya rayuwa daga minti 15 zuwa awa 12, Google kuma tana da nata mai suna Privileged Access Manager. Sunayen nan za su yi ta canjawa. Tushen kuwa ya girmi yawancinku. Tun 1975 wasu masana biyu na jami'ar MIT a Amurka, Jerome Saltzer da Michael Schroeder, suka jera ƙa'idojin tsare bayanai. Biyu daga ciki su ne zancenmu na yau: a ba kowa mafi ƙarancin ikon da zai ishe shi aikinsa, kuma abu mai haɗari kada ya rataya a kan makulli ɗaya.

Ga mai ganin an raina shi, ina so ya san cewa injiniyoyin da suka gina gajimaren ma suna jiran izini. Microsoft tana da tsarin Customer Lockbox: kamfanin da ya kunna shi, in injiniyanta yana bukatar leƙa bayanansa don gyara, sai wani daga kamfanin ya amince tukuna. Google ma tana da makamancinsa. A bankunanmu kuwa an daɗe da sanin cewa wanda ya shigar da babban kuɗi daban, wanda zai tabbatar daban, komai daɗewar su biyun a aiki. Ƙa'idar da ta hau kan mai shekara ashirin a aiki ba za ta zama cin fuska ga mai wata uku ba.

Don me lokacin yake ƙarewa

A watan Afrilun 2018 wani injiniya ya ajiye aiki a kamfanin Cisco. Bayan wata biyar, a Satumba, ya sake shiga kwamfutocin kamfanin da ke gajimaren Amazon, ya saki wani umarni da ya goge na'urori 456. Asusun masu amfani da manhajar WebEx Teams sama da 16,000 suka tsaya, wasu har mako biyu. Gyaran ya ci wa kamfanin kimanin dala miliyan 1.4 na lokacin ma'aikata, ya kuma mayar wa abokan ciniki sama da dala miliyan ɗaya. A Disamban 2020 kotu ta ɗaure mutumin shekara biyu. Laifinsa nasa ne. Amma tambayar da ta kamata mai irin aikinku ya yi ita ce: yaya aka yi wanda ya tafi tun wata biyar har yanzu yana da hanyar shiga? Makullin dindindin yana jiran wani ya tuna ya karɓe shi, ɗan Adam kuwa mai mantuwa ne. Makullin aro shi yake mutuwa da kansa, ko an tuna ko an manta.

Ba sai mai makullin ya zama mugu ba. A Mayun 2021 an tsayar da bututun mai na Colonial Pipeline, wanda yake ɗaukar kusan rabin man da gabashin Amurka ke sha, kamfanin ya biya ɓarayin intanet fansar dala miliyan 4.4. Ɓarayin ta wani tsohon asusu suka shiga, wanda an daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri kaɗai ke tsaronsa. Ka dubi kanka ma. Ana ƙwace waya a hanya, ana ɗauke kwamfuta a mota, mutum yana iya danna saƙon yaudara da rana tsaka yana cikin gajiya. In asusunka yana ɗauke da cikakken iko koyaushe, duk wanda ya same shi ya sami komai. In kuwa ikon sai an nema an amince, ɓarawo ya sami asusun da ba ya buɗe komai, kuma neman da zai yi shi ne zai tona masa asiri.

Akwai kuma tarin iko da ke taruwa a hankali. An sa ka a wani aiki an ba ka izini, an mayar da kai wani sashe an ƙara maka, ka riƙe wa wani aikinsa lokacin da ya tafi hutu an sake ƙarawa, babu wanda ya rage. Bayan shekara uku kana iya shiga wuraren da kai kanka ka manta da su. Gajartar lokaci ma ita kaɗai ba ta isa ba, sai an taƙaita faɗin ikon. A 2019 an kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 106 a Amurka da Kanada daga bankin Capital One, ta hanyar makullin wata na'ura da aka ba ikon karanta ma'ajiyoyin da suka wuce bukatar aikinta. Hukuma ta ci bankin tarar dala miliyan 80. Saboda haka in aikinka duba rajista ne, nemi ikon karantawa kawai. In na'ura ɗaya ce ta lalace, kada ka nemi goma.

Don me sai wani ya duba

A daren 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan kamfanin GitLab yana ta fama da rumbun bayanai da ya ƙi daidaituwa. Na'urori biyu ne a gabansa, sunayensu kusan iri ɗaya, ɗaya ita ce uwa da jama'a ke aiki da ita, ɗaya kuma mai kwafi. Dare ya yi, ya gaji. Ya yi niyyar share ta kwafin, sai umarnin ya sauka a kan uwar. Cikin 'yan daƙiƙu ya farga ya tsayar, amma kusan gigabait 300 sun riga sun tafi, kuma aikin masu amfani na kimanin awa shida bai dawo ba. Bayan wata guda, ranar 28 ga Fabrairu, wani ma'aikacin Amazon mai cikakken izini ya yi kuskuren shigar da abu ɗaya a cikin umarni, na'urori da yawa fiye da nufinsa suka sauka, shafukan intanet masu ɗimbin yawa suka tsaya kusan awa huɗu. Dukansu ƙwararru ne, kuma babu mai mugun nufi a cikinsu.

Sa hannun manaja ba ya riƙe yatsan mutum ya hana shi danna kuskure. Abin da yake yi shi ne ya tsayar da kai ka faɗi abin da za ka yi kafin ka yi shi, ya kuma kawo wanda yake ganin abin da ba ka gani daga kujerarka. Kai matsalar da ke gabanka kake kallo. Shi ya san cewa yau 28 ga wata, albashi yana fita ta wannan na'ura, taɓa ta sai gobe. Ya san wani sashe yana canja wani abu a kanta a wannan sa'ar. Ya san ba a ɗauki kwafin ajiya ba tun jiya. Yana iya cewa: "Tun asuba kake zaune, bar wa Hadiza ta ƙarasa," ko "Ka gwada a na'urar gwaji tukuna?" Sau da yawa ma, rubuta dalilin kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba ka bukatar shiga, abin da kake nema yana cikin rajistar da kowa ke iya karantawa daga waje.

Sai abin da na fi so ku riƙe: wannan tsari ku yake karewa. Yaron shago a Kantin Kwari da maigida ya aika sito, yakan karɓi makulli, ya ɗauko dilar atamfa, ya dawo da makullin hannun maigida a gaban mutane. Ranar da kaya suka yi ɓatan dabo cikin dare, babu mai kallonsa, don kowa ya san makulli ba a wurinsa ya kwana ba. Wanda kuwa yake kwana da makulli a aljihu kullum, shi za a fara kira, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Haka yake a wurin aikinku. Ranar da bayanai suka fita ko kuɗi suka ɓace, masu bincike za su fara da jerin duk masu ikon shiga a wannan lokaci, kuma ƙaramin ma'aikaci shi ne mafi saurin shan zargi. Rajistar da ta nuna ka shiga ƙarfe goma, da izinin wane, don aiki kaza, ka fita sha ɗaya da rabi, ta fi rantsuwa amfani a ranar.

Doka ma ta shigo cikin lamarin. Najeriya tana da dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta ɗora wa kamfani sanar da hukuma cikin awa 72 in aka sami ɓarakar da ke iya cutar da masu bayanan. Ghana tana da tata dokar kare bayanai tun 2012, Nijar ma tana da hukumar da ke kula da wannan. Kamfanin da bai san wa ya shiga na'urarsa ba, da me zai amsa tambayar hukuma cikin kwana uku?

Ladabin nema da ladabin bayarwa

Neman izini shi ma gwaninta ne. Wani zai rubuta: "Ina son shiga don gyara, da gaggawa." Oga bai san me ya lalace ba, bai san wace na'ura ba, dole ya kira ka ko ya amince a makance. Wani kuma zai rubuta: "Ma'ajiyar na'urar biyan kuɗi ta biyu ta kusa cika. Zan goge tsofaffin fayilolin rajista da suka wuce wata uku, an riga an kwafe su. Ba zan sake kunna komai ba. Minti arba'in ya isa. Ga lambar tikiti." Wannan cikin minti ɗaya za a amince masa, kuma a hankali sunansa zai zama na wanda ba a shakkar buƙatarsa. Aikin da ka san yana tafe gobe, nemi izininsa yau. Yawancin jiran da ake kuka da shi, daga neman ƙurarren lokaci yake fitowa.

Akwai 'yan dabarun da za su zo maka da fuskar wayo, ina roƙonka ka guje su. Kada ka ari kalmar sirrin abokin aiki, kada ka ba da taka, ko da aminin da kuke cin abinci tare ne, domin duk abin da aka yi da sunanka kai ka yi shi. Kada in an buɗe maka na awa ɗaya ka dasa naka makullin a cikin na'urar, ko ka ƙirƙiri wani asusu a ɓoye don gobe kada ka sake jira. Wannan ita ce mafi muni, saboda ka haƙa ramin da babu wanda ya san da shi balle ya rufe, kuma ranar da aka gano, niyyarka ta kirki ba za ta bayyana a rajista ba. Kada ka buɗe ƙofa ga duk intanet da sunan "na ɗan lokaci ne." Kada ka bar makulli a cikin rubutun manhaja, a 2016 ta irin wannan hanya aka sami makullin gajimaren Uber a ma'ajiyar GitHub, aka kwashi bayanan mutane miliyan 57. Kada kuma ka shiga don aiki ɗaya ka zarce leƙen abin da ba a aike ka ba, kamar albashin wane ko asusun wance.

In ka gama, fita da kanka, ka mayar da ikon ko da saura lokaci. A wasu tsare-tsaren, na Defender for Cloud da na ambata yana ciki, cikar lokaci tana hana sabon shiga ne kawai, ba ta yanke wanda yake ciki. Sannan ka rubuta a tikitin abin da ka taɓa, har da wanda bai tafi daidai ba. Mai zuwa bayanka zai yi maka addu'a.

Na san tambayar da ke ranku: in na'ura ta faɗi ƙarfe biyun dare, mutane sun kasa cire kuɗinsu, oga kuma wayarsa a kashe fa? Tambaya ce mai kyau, kuma wurin aikin da ya san abin da yake yi ya amsa ta tun kafin daren ya zo. Ana sa masu amincewa fiye da ɗaya, ana tsara wanda yake bakin aiki kowane dare, ana kuma ajiye asusun gaggawa. Microsoft ma tana ba da shawarar a tanadi aƙalla biyu. Amfani da irin wannan asusu yana tayar da ƙararrawa nan take, da safe a zauna a bi abin da aka yi, a canja makullin. In wurin aikinka babu wannan tanadi, ka ɗaga maganar da rana, a taro, cikin ladabi, ka kawo shawarar yadda za a yi. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abin da bai dace ba shi ne ka yi shiru, ka tanadar wa kanka ɓoyayyiyar hanya.

Kwanci tashi, wataran kai ne za a aiko wa buƙata. Ranar za ka ga cewa danna "na amince" ya fi komai sauƙi, musamman in saƙo na goma sha ne tun safe. A Satumban 2022 wani ɗan kutse ya sami kalmar sirrin wani ɗan kwangilar Uber, ya yi ta yunƙurin shiga, wayar mutumin tana ta kawo masa saƙon neman tabbatarwa, har daga ƙarshe ya danna amincewa. Da wannan dannawa ɗaya aka shiga cikin kamfanin. Amincewar da ba a karanta ba ta fi rashin tsarin haɗari, don tana sa kowa ya saki jiki alhali babu mai gadi. Karanta dalili. Duba ko tikitin na gaske ne. In lokacin da aka nema ya yi yawa, rage shi. In buƙatar ta zo a sa'ar da ba a saba ba, ɗauki waya ka kira mutumin ta lambar da ka sani, ka ji muryarsa. In ba ka fahimci na'urar ba, tura wa wanda ya fahimta. Sa hannu a kan abin da ba ka gane ba shaidar zur ce.

A nan tarbiyyarmu tana iya zame mana gwaji. An rene mu da kunya da girmama na gaba, kuma abu ne mai kyau. Amma za a wayi gari wanda ya girme ka, ko wanda ya kawo ka aikin, ya tsaya a kanka ya ce: "Kai dai danna mini, ina sauri." Masu damfara ma sun san wannan, shi ya sa suke shigar burtu da sunan babba, suna haɗawa da gaggawa. Akwai hanyar tsayawa a kan ƙa'ida ba tare da rashin kunya ba: "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa lambar tikiti, yanzun nan zan amince. In na danna haka, mu biyun za a tambaya." Babba mai hankali zai ƙara ganin girmanka. Kuma ka sani, mai amincewa shi ma yana da haƙƙi a wuyansa. In kana barin buƙatun mutane suna kwana, kai kake koya musu neman ɓarauniyar hanya. Amsa da wuri, in za ka yi tafiya ka bar wakili, in ka ƙi ka faɗi dalili, kada kuma ka mayar da wannan dama abin nuna isa.

Wanda yake ƙaramin kamfani mai mutum biyar, babu kuɗin manyan manhajoji, kada ya ce wannan zance ba nasa ba ne. Kowa ya sami asusunsa na kansa, a daina tarayya a kan guda. A rufe ƙofofin shiga sai lokacin bukata. A sami wuri ɗaya da ake rubuta wa ya nema, wa ya amince, yaushe aka buɗe, yaushe aka rufe. Duk ƙarshen wata a bi jerin masu iko suna bayan suna, wanda ya bar aiki a rufe asusunsa a ranar da ya tafi. Wannan bai ci ko sisi ba, sai dai ɗabi'a.

Ƙannena, ilimin da kuke da shi yau zai tsufa, manhajojin da kuka ƙware a kansu za a kawo wasu. Abin da zai bi ku daga wannan kamfani zuwa wancan shi ne shaidar da mutane za su yi muku. Manyan ayyuka a wannan fage ba wanda ya fi saurin hannu ake damƙa wa ba, ana damƙa su ne ga wanda aka ga yana neman abin da ya ishe shi, yana yin abin da ya ce zai yi, yana mayar da abin da aka ara masa, ko ana kallo ko ba a kallo. Ku fara gina wannan shaida tun daga buƙatar da za ku cike gobe da safe. Allah Ya yi wa aikinku albarka, Ya tsare ku daga tsautsayi da zargi, Ya ba ku ikon riƙe amanar bayin Allah da ke hannunku.